JERIN DARAJAR JAMI'O'I DA MAKARANTUN INJINIYA: YADDA GWAMNATIN INDIYA KE AUNA SU, DA YADDA YA KAMATA A KARANTA SAKAMAKON

Gabatarwa

Kowace shekara 'yan Nijeriya masu yawa sukan tafi ƙasar Indiya neman ilmi, musamman aikin injiniya da ilmin kwamfuta da haɗa magunguna da aikin jinya. Waɗansu gwamnatin jiharsu ce ke ɗaukar nauyinsu, waɗansu kuwa iyayensu ne ke sayar da gona ko shanu ko fili su biya. Kafin a kai ga biyan kuɗi, galibi akan sami dillali ya zo da takarda mai sheƙi, ya shaida wa uba cewa makarantar da yake talla tana cikin jerin da Gwamnatin Indiya ta fitar, har ma ta zo ta kaza. Uban da bai san yadda aka yi wannan jeri ba, ba shi da abin da zai tambaya. Sai ya yarda, ya yi cinikin biri a sama.

Jerin nan gaskiya ne akwai shi, yana kuwa da amfani ƙwarai. Amma kamar kowane ma'auni, akwai abin da yake aunawa, akwai kuma abin da ya bari. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana asalinsa, da yadda ake lissafinsa, da inda yake da rauni, domin iyaye da ɗalibai da malaman da ke ba su shawara su san tambayoyin da za su yi kafin su saki kuɗinsu.

Asalin Jerin

Indiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan makarantun ilmi mai zurfi a duniya. Ƙididdigar da Gwamnatin ƙasar ta yi ta shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 ta nuna akwai jami'o'i fiye da 1,100, da kwalejoji fiye da 45,000, da ɗalibai fiye da miliyan 43. A cikinsu akwai waɗanda suka yi suna a duniya, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai gini da allon talla. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya san su duka.

Tun daga shekarar 2003 wata jami'a a birnin Shanghai na ƙasar Sin ta fara jera jami'o'in duniya bisa ga daraja, a 2004 kuma wata mujallar ilmi ta Ingila ta bi sahu. Shekara da shekaru jami'o'in Indiya ba su cika fitowa a sahun gaba na waɗannan jeri ba, abin kuwa ya dami shugabannin ƙasar. Masana ilmi na Indiya suka ce ma'aunan Turawa sun fi ba da ƙarfi ga suna da yawan baƙin malamai da baƙin ɗalibai, ba su kula da abin da ya dami Indiya ba, watau shigar da mata da 'ya'yan talakawa makaranta.

Saboda haka, ran 29 ga Satumba, 2015, Ma'aikatar Raya Ma'aikata ta Indiya, wadda ita ce ke kula da ilmi a lokacin, ta ƙaddamar da nata tsari, wanda ake kira NIRF a taƙaice. Minista a lokacin ita ce Smriti Irani. An fitar da sakamakon farko a watan Afrilu na 2016, aka kasa shi kashi huɗu: jami'o'i, da makarantun injiniya, da na koyon gudanar da kasuwanci, da na haɗa magunguna. Daga baya aka yi ta ƙara sassa. A 2017 aka ƙara jerin gaba ɗaya da na kwalejoji, a 2018 aka ƙara na shari'a da likitanci da zanen gine-gine, a 2023 kuma aka ƙara na aikin gona. A 2020 an sake wa ma'aikatar suna, ta koma Ma'aikatar Ilmi. Hukumar da ke yin aikin lissafin ita ce hukumar tantance darussan fasaha ta ƙasar, wadda ake kira NBA.

Ma'aunai Biyar

Kowace makaranta ana ba ta maki a ƙarƙashin ma'aunai biyar. Kowane ma'auni ana lissafa shi bisa 100, sa'an nan a ba shi nauyinsa. Ga yadda nauyin yake ga jami'o'i da makarantun injiniya:

1. Koyarwa da kayan aiki, kashi 30 cikin 100. A nan ana duba yawan ɗalibai, da yawan malamai na dindindin, da waɗanda ke da digirin dakta a cikinsu, da kuɗin da makaranta ke kashewa a kan kowane ɗalibi. A makarantar injiniya, cikakken maki yana wurin wadda ke da malami 1 ga ɗalibai 15. Wadda malami 1 ke ɗauke da ɗalibai fiye da 50 ba ta samun komai a wannan gurbi.

2. Bincike, kashi 30 cikin 100. Ana ƙirga maƙalun da malamai suka buga a mujallun masana, da yawan yadda waɗansu masana suka kafa hujja da su, da abubuwan da aka ƙirƙiro aka yi musu rajista, da kuɗin da bincike da aikin ba da shawara suka kawo.

3. Makomar ɗalibai, kashi 20 cikin 100. Ana duba nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka sami aiki ko suka ci gaba da karatu, nawa suka sami digirin dakta, da albashin na tsakiya. Ma'anar albashin na tsakiya ita ce, in an jera mutum 101 daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, sai a ɗauki albashin na 51. Da haka mutum biyu ko uku masu babban albashi ba za su rufe talaucin saura ba.

4. Buɗe ƙofa ga kowa, kashi 10 cikin 100. Ana duba yawan mata, da ɗaliban da suka zo daga waɗansu jihohi ko ƙasashe, da 'ya'yan marasa ƙarfi, da tanadin da aka yi wa naƙasassu. Abin da ake fata shi ne mata su kai rabin ɗalibai, su kuma kai kashi 20 cikin 100 na malamai.

5. Suna a idon jama'a, kashi 10 cikin 100. Ana tambayar malaman waɗansu makarantu da masu ɗaukar ma'aikata ra'ayinsu.

Kwalejojin da aikinsu ya tsaya ga digirin farko ana auna su da wani nauyi dabam. A wurinsu koyarwa ce ke da kashi 40, bincike 15, makomar ɗalibai 25. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa na goma a wani jeri da na goma a wani jeri ba ɗaya ba ne.

Misali Na Lissafi

Domin a gane yadda nauyi ke juya sakamako, a ƙaddara akwai makarantun injiniya biyu, mu kira su Makarantar Gabas da Makarantar Yamma.

Makarantar Gabas ta ci 70 a koyarwa, 80 a bincike, 60 a makomar ɗalibai, 50 a buɗe ƙofa, 70 a suna. In an ba kowanne nauyinsa, sai a sami 21 da 24 da 12 da 5 da 7, jimla 69.

Makarantar Yamma ta ci 80 a koyarwa, 30 a bincike, 85 a makomar ɗalibai, 60 a buɗe ƙofa, 30 a suna. Nata lissafin shi ne 24 da 9 da 17 da 6 da 3, jimla 59.

Gabas ta fi Yamma da maki 10, a jerin da ke da makarantu masu yawa kuwa maki 10 rata ce mai nisa. Amma mai karatu ya sake duba lambobin. A wajen koyarwa Yamma ce gaba. A wajen gama karatu da samun aiki ma ita ce gaba, da tazara mai yawa. Gabas ta yi rinjaye ne da bincike da suna kurum. To, wanda zai je neman digirin dakta, Gabas ce tasa, domin can ne masu bincike suke. Yaron da ya gama sakandare, wanda bukatarsa malami a aji da injin da zai taɓa da hannunsa, mai yiwuwa Yamma ta fi masa. Lamba ɗaya da dillali zai faɗa ba za ta nuna wannan ba, sai an buɗe makin kowane ma'auni an gani.

Abin Da Sakamakon Ya Nuna

A jerin makarantun injiniya, Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke Madras, watau birnin da yanzu ake kira Chennai, ita ce ta zo ta ɗaya kowace shekara daga 2016 har zuwa 2025. A jerin gaba ɗaya ma ita ce ta ɗaya daga 2019 zuwa 2025. Tana cikin rukunin cibiyoyin Gwamnatin Tarayyar Indiya da ake kira IIT, waɗanda aka fara kafawa a Kharagpur a 1951, sa'an nan Bombay a 1958, Madras da Kanpur a 1959, Delhi a 1961. Daga baya aka ƙara waɗansu har suka kai 23. A jerin 2024, biyar na farko a aikin injiniya su ne Madras, Delhi, Bombay, Kanpur da Kharagpur, watau dai tsofaffin nan biyar.

A jerin jami'o'i kuwa, Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bengaluru, wadda aka kafa tun 1909, ita ce ta riƙe kambu daga 2016 zuwa 2025. A 2024 Jami'ar Jawaharlal Nehru ce ta biyu, Jamia Millia Islamia ta uku, dukansu biyu a birnin Delhi.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, saman jerin ba ya cika sauyawa, domin tsofaffin makarantu masu samun kuɗin Gwamnatin Tarayya sun riga sun tara malamai da kayan aiki da suna. Na biyu, makarantun nan na sama shigarsu tana da wuya ƙwarai, ta hanyar jarrabawa mai tsanani ake shiga, ba su kuwa bukatar dillali. Makarantun da aka fi tallata wa baƙi galibi masu zaman kansu ne. A cikinsu akwai nagari waɗanda suka sami matsayi mai kyau, akwai na can ƙasa, akwai kuma waɗanda ba su cikin jerin sam.

Har wa yau a lura, 100 na farko ne ake ba kowace lambarta a manyan jerin. Na bayansu ana tara su rukuni-rukuni, kamar daga 101 zuwa 150, ko daga 151 zuwa 200. Makarantar da ke cikin rukunin 101 zuwa 150 ba ta da ikon cewa ita ce ta 101.

Inda Ma'aunin Ke Da Rauni

Rauni na farko shi ne, yawancin lambobin makarantar ce da kanta ke aikowa. Lissafin bincike ana ɗauko shi daga manyan rumbunan mujallu na duniya, irin su Scopus da Web of Science, amma yawan malamai da kuɗin da aka kashe da albashin ɗalibai daga bakin makaranta suke fitowa. Don a rage maguɗi, an wajabta wa kowace makaranta ta saka bayanan da ta aika a shafinta na intanet inda kowa zai gani, ana kuma karɓar ƙorafi daga jama'a. Duk da haka ba a zuwa kowace makaranta a ƙirga malamai ɗaya bayan ɗaya.

Rauni na biyu, duk abin da aka ce da shi za a ci maki, mutane za su bi shi ko ta wace hanya. Da aka ɗora kashi 30 a kan bincike, sai waɗansu makarantu suka matsa wa malamai su yi ta buga maƙalu, ko masu kyau ko marasa kyau, suna kuma ambaton juna don lissafi ya hau. Maƙalun da mujallu suka janye bayan an gano aibinsu suka yawaita. Saboda haka a jerin 2025 aka fara rage maki ga makarantar da aka janye maƙalun malamanta.

Rauni na uku, shiga jerin sai makaranta ta nema. A 2024 makarantu fiye da 6,000 ne suka shiga, alhali kuwa an ga yawan waɗanda ke ƙasar. Sabuwar makarantar da ba ta yaye ɗalibai sau uku ba ba ta cancanci shiga ba tukuna.

Rauni na huɗu, jerin injiniya yana auna makarantar ne dunƙule. Ba ya raba sashen lantarki da na gine-gine da na injuna. Makaranta tana iya yin fice da ilmin kwamfuta, sashenta na hanyoyi da gadoji kuwa ba shi da malamai.

Rauni na biyar ya shafi baƙo kai tsaye. Lissafin samun aiki da albashi labarin 'yan Indiya ne a kasuwar aikin Indiya. Ɗan Nijeriya da zai komo gida, makomarsa tana hannun hukumomin gida da masu ɗaukar ma'aikata na gida. Ban da haka, kowane baƙon ɗalibi yana ƙara wa makaranta ɗan maki a ma'auni na huɗu, ga kuma kuɗin makaranta da yake biya. Ɗokin da makaranta ke yi na karɓarsa ba shaida ba ne cewa ta dace da shi.

Daraja Dabam, Amincewa Dabam

Wannan shi ne babban abin da ya wajaba a riƙe. Jerin daraja gasa ce, yana faɗin wanda ya fi wani. Amincewar hukuma kuwa doka ce, tana faɗin wanda ke da izinin ba da takardar shaida. Mai neman aiki da takarda, amincewa ce za a fara tambayarsa.

A Indiya, hukumar jami'o'i da ake kira UGC, wadda doka ta kafa a 1956, ita ce ke riƙe da sunayen jami'o'in da doka ta sani, takan kuma buga sunayen na jabu lokaci lokaci. Hukumar ilmin fasaha, AICTE, ita ke ba kwalejojin injiniya izini. Hukumar NAAC, wadda aka kafa a 1994, takan tantance makaranta gaba ɗaya. NBA kuwa darasi darasi take tantancewa, watau tana iya amincewa da digirin lantarki na wata makaranta ba tare da ta amince da digirinta na injuna ba. Tun 2014 NBA ta zama cikakkiyar wakiliya a Yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke girmama digirin injiniya na junansu.

Yadda Abin Yake A Gida

Nijeriya ma tana da irin waɗannan hukumomi. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, an kafa ta a 1962, ta sami ƙarfin doka a 1974, doka ta 16 ta 1985 kuma ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idar da kowane darasi zai cika. In ta tantance darasi, takan ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta tana Kaduna. Aikin injiniya kuwa yana hannun majalisar COREN, wadda doka ta 55 ta 1970 ta kafa. Ita ke tantance darussan injiniya, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, wanda ba ta yi wa rajista ba doka ba ta san shi da sunan injiniya ba.

NUC ta taɓa jera jami'o'in Nijeriya bisa ga daraja. A jerin da ta fitar a watan Disamba na 2021, Jami'ar Ibadan ce ta zo ta ɗaya. Amma jerin nata bai zama al'adar kowace shekara irin ta Indiya ba, hukumar kuma ta sha fitowa ta musanta waɗansu jeri da ake yaɗawa da sunanta. Saboda haka duk jerin da aka turo wa mutum ta waya, sai ya nemi tushensa kafin ya gaskata.

Wanda ya yi karatu a ƙasar waje, tilas ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta duba takardarsa kafin ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima. Ba a wasa da wannan mataki. A watan Janairu na 2024 ma'aikatar ta dakatar da duba takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri cikin 'yan makonni. A irin wannan hali, ɗalibin da ya yi karatunsa da gaskiya ma yakan sha wahala tare da masu laifi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ya ku iyaye da ɗalibai, in an kawo muku labarin makaranta da lambarta, ga matakan da za ku bi:

1. Ku tambaya, a wane jeri ne, kuma na wace shekara? Matsayi a jerin haɗa magunguna ba ya amfanar mai son aikin injiniya.

2. Ku duba da kanku a shafin intanet na NIRF, ko ku sa wanda kuka amince da shi ya duba. Kyauta ne. Ku tabbata sunan makarantar da garin da take sun yi daidai, domin akwai masu reshe a garuruwa da yawa, akwai kuma masu sunaye masu kama da juna.

3. Ku buɗe makin ma'aunai biyar ɗin. Mai neman digirin farko ya fi kula da koyarwa da makomar ɗalibai. Mai neman digiri na biyu ko na dakta ya fi kula da bincike.

4. Ku duba matsayin shekara uku a jere. Hawa ko sauka da lamba biyar ba wani abu ba ne. Wadda ta yi tsalle mai nisa cikin shekara ɗaya, a nemi dalili.

5. Ku tabbata hukumomin ƙasar sun amince da makarantar, sun kuma amince da ainihin darasin da yaro zai karanta.

6. Kafin a biya ko kwabo, ku nemi bayani daga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, in aikin injiniya ne har da COREN, ko za a karɓi takardar a gida.

7. Ku nemi ɗalibin da ke can yanzu, ko wanda ya gama ya komo, ku ji daga bakinsa yadda aji da ɗakin gwaji da wurin kwana suke.

Matambayi ba ya ɓata. Makarantar kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba, dillalin da ya ƙi amsa su kuwa ya riga ya ba ku amsa.

Tambayoyi Don Nazari

1. Kawo ma'aunai biyar na jerin Indiya da nauyin kowanne.

2. A misalin Makarantar Gabas da Makarantar Yamma, sake lissafin da nauyin kwalejoji, watau 40 da 15 da 25 da 10 da 10. Wace ce ta zo gaba?

3. Mene ne bambancin jerin daraja da amincewar hukuma?

4. Waɗanne hukumomi ne ke kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da aikin injiniya a Nijeriya?